GUZURIN MATAFIYI ZUWA ƘASAR GUMI DA DANSHI

Jawabin faɗakarwa ga 'yan ƙasa masu niyyar tafiya jihohin bakin teku

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su ce a tashi hannu rabbana ba. Tun zamanin fatake, sa'ad da ayari ke barin Kano da Katsina ya nufi Gwanja neman goro, madugu ba ya ba da iznin tashi sai ya tabbata kowa ya haɗa guzurin da ya dace da ƙasar da aka dosa. Yau jaki ya huta, mota da jirgin ƙasa da jirgin sama sun karɓe shi, amma bukatar shiri tana nan yadda take.

Kowace rana ta Allah jama'a masu yawa suna barin jihohin Arewa zuwa Legas da Badun da Benin da Warri da Anacha da Fatakwal da Kalaba. A cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati da aka canja wa wurin aiki, da soja da 'yan sanda, da ɗalibai, da masu safarar shanu da albasa da tumatir, da matan da ke bin mazajensu tare da yara ƙanana. Tun shekarar 1973 kuma, da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, samari da 'yan mata da suka gama karatu a manyan makarantu suna yin shekara guda a jihohin da ba nasu ba. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya sukan cika akwati da kayan da suka saba da su a gida, sai sun sauka su tarar rabin kayan ba su da amfani, abin da kuwa suke matuƙar bukata an bar shi a baya. Wani ya yi asarar tufafi, wani ta takardu, wani kuma ya kwanta ciwo tun bai fara aikin da ya kai shi ba. Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana abin da ya kamata a ɗauka, da abin da ya kamata a bari, da dalilin kowanne.

ZAFI IRI BIYU

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri yakan yi dariya idan aka ce masa ya yi hattara da zafin Kudu, domin a garinsu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, alhali kuwa a Legas bai cika wuce digiri 33 ba. Gaskiya ne. Amma zafin Arewa busasshe ne, na bakin teku kuwa jiƙaƙƙe ne, kuma jikin ɗan Adam ba ya ɗaukarsu ɗaya.

Randar ƙasa ta isa misali. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka Allah Ya tsara jikin mutum: gumi ya fito, iska ta busar da shi, jiki ya yi sanyi. A lokacin hunturu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa wanki kan bushe cikin sa'a guda. A bakin teku kuwa danshin yakan kai kashi 80 ko fiye, watau iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani. Saboda haka gumi ya fito ya tsaya a kan fata, riga ta manne, jiki ya yi ta zubar da ruwa da gishiri ba tare da ya sami sanyin da yake nema ba. Ko da dare ma ba a samun sauƙin da aka saba da shi a Arewa.

Sa'an nan ga ruwan sama. Sakkwato da Katsina da Maiduguri sukan sami wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, cikin wata huɗu ko biyar. Legas takan sami fiye da milimita 1,500, Fatakwal fiye da 2,000, Kalaba kuwa kusan 3,000. A yankin da kogin Kwara ke rarrabuwa ya shiga teku, damina takan kama tun watan Maris, ba ta sakin ƙasa sai Nuwamba. A Legas da Badun ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da farkon Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Duk abin da za a faɗa game da kaya a nan gaba, daga waɗannan abubuwa biyu ya samo tushe, watau gumin da ba ya bushewa da ruwan da ba ya ɗaukewa.

TUFAFI

Tufafin da ya fi dacewa shi ne na auduga zalla, marar kauri, mai yalwa, wanda iska ke ratsawa. Boyil na auduga da atamfa ta auduga da yadi marar nauyi duk suna da kyau. Launi mai haske ya fi baƙi, domin baƙi yana riƙe zafin rana. Yadin nailan da sauran masu santsi irin na roba ba sa shan gumi, sukan tsare shi a jikin fata har su jawo ƙuraje da wari. Shadda mai sitaci da yawa ita ma tana toshe iska, kuma da ta sha gumi sai ta yamutse.

Namiji ya ɗauki babbar riga guda ɗaya tak domin Juma'a ko wani taro, sauran su zama kaftani da 'yar shara da wanduna marasa nauyi. Mace ta zaɓi mayafi ko hijabi na auduga mai sauƙi, ta rage leshi mai kauri da rigunan da aka yi wa shafi biyu. Singileti da sauran kayan ciki su ne ya kamata su fi yawa, a ƙalla guda shida ko bakwai, domin a wurin da wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba, mai guda uku zai wayi gari ba shi da na sawa. Haka nan a ɗauki riga mai dogon hannu guda biyu da dogon wando domin yamma, lokacin da sauro ke fitowa, da hankici ko ƙaramin tawul na share fuska.

Tufafin rini na baba sukan zuba idan sun jiƙe, su ɓata duk abin da suka taɓa. In lalle sai an tafi da su, a naɗe su dabam cikin leda. Hula mai aiki, kamar zanna bukar, a ɗauki ɗaya ko biyu, a riƙa shanya su a rana bayan an cire, domin hular da aka ajiye da gumi takan yi funfuna cikin 'yan kwanaki. Wanda aikinsa na tsayuwa a rana ne, malafa za ta yi masa amfani.

Masu yi wa ƙasa hidima su tuna cewa za su yi mako uku a sansani cikin fararen kaya, ana atisaye safe da yamma. Ya kamata su ƙara fararen riguna da gajerun wanduna da safa a kan waɗanda za a ba su, da fararen takalma na roba waɗanda ake wankewa su bushe nan da nan.

Akwai wani abu game da wanki da ba kowa ya sani ba. A ƙasashe masu danshi akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a cikin ƙasa da kuma a jikin tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Idan aka sa tufar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru. Yara ƙanana ne suka fi kamuwa. Maganin abin shi ne a shanya wanki a igiya cikin rana, kada a baza shi a kan ciyawa, sa'an nan a goge kowace tufa da dutsen guga mai zafi, har da kayan ciki da zanen gado da tsumman jarirai, domin zafin guga yana kashe ƙwan. Saboda haka igiyar shanya da 'yan maƙalai da ƙaramin dutsen guga suna cikin guzurin wanda zai daɗe.

TAKALMA DA KAYAN RUWA

Takalmin fata abin ado ne a Kano, amma damina ɗaya ta Fatakwal ta isa ta hallaka shi. Fata tana shan danshi, ta yi funfuna, ɗinkin ya ruɓe. A ɗauki ƙafa ɗaya domin ofis, a riƙa share shi, a cusa masa tsohuwar jarida da dare ta tsotse danshin. Domin zirga-zirgar yau da kullum, takalmin roba mai maɗauri, wanda ƙasansa ba ya santsi, shi ne daidai. A ƙara da silifa domin wanka. Mai aikin gona ko gini ko kasuwar dabbobi ya nemi dogon takalmin ruwa.

Kada a yi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida ne. Akwai tsutsar ciki da ke shiga jiki ta tafin ƙafa daga ƙasa mai danshi, akwai kuma jiga da ke shiga ƙarƙashin farce a wurare masu rairayi. Ruwan da ya malalo kan titi bayan an ɗauke ruwan sama yakan haɗu da na lambatu, yana kuma ɓoye ramuka da fasassun kwalabe. Wanda ya taka irin wannan ruwa ya wanke ƙafarsa da sabulu da zarar ya isa masauki, ya tsane tsakanin yatsu sosai, domin a nan ne ƙaiƙayin da ake kira cin ruwa yake farawa.

Lema mai naɗewa wajibi ce, a riƙe ta a jakar hannu ko da gari ya waye tas, domin hadarin bakin teku ba ya sallama. Mai hawa babur ko mai tafiyar ƙasa ya ƙara da rigar ruwa. Mai salla ya ɗauki 'yar tabarmar roba, domin darduma mai gashi idan ta jiƙe takan daɗe tana wari.

GIDAN SAURO DA MAGUNGUNA

Idan akwai abu ɗaya da ba za a yi sakaci da shi ba, to, gidan sauro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya a Nijeriya suke. A can ƙuryar Arewa cutar ta fi tsanani da damina da kaka, amma a Kudu ba ta da lokaci, shekara take zagayowa. Macen sauron da ke yaɗa ta da dare take cizo. Saboda haka matafiyi ya tafi da gidan sauronsa mai magani, tare da igiya da 'yan ƙusoshi na ratayewa, kada ya dogara da cewa zai tarar a masauki. Sabon gidan sauro a baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki, kuma a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. A ƙara da man shafawa mai korar sauro domin zaman yamma.

Wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon kai ko sanyi a gaɓoɓi ya je asibiti a gwada jininsa, gwajin ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Kada ya dogara da kulorokwin, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa, tun shekarar 2005 gwamnati ta sauya shi da haɗin magani mai sinadarin atemisinin. A kuma sani cewa cutar takan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ta bayyana, don haka tana iya tashi bayan mutum ya dawo gida.

Ciwon shawara shi ma sauro ke yaɗa shi, amma wani iri ne dabam mai cizo da rana. Cutar ta sake ɓullowa a ƙasar nan a shekarar 2017. Allurar rigakafinta guda ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa, sai dai ba ta fara aiki sosai sai bayan kwana 10. Wanda bai taɓa yi ba ya yi tun da sauran lokaci, kada ya bari sai ranar tashi.

Ƙaramin akwatin magani ya ƙunshi farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da filasta da bandeji da auduga, da ruwan wanke ciwo, da man ƙaiƙayi irin na makero da kyasbi, da hodar ƙurajen zafi. A ƙasa mai danshi ƙaramin ƙwarzane yakan zama gyambo idan aka ƙyale shi, saboda haka a wanke kowane rauni, a rufe, a riƙa sauya filasta. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ko farfaɗiya ya tafi da maganin da zai ishe shi har da ƙari, tare da takardar likita. A bar ƙwayoyi cikin takardarsu ta asali, kada a ɓare su a zuba a leda, domin danshi yana narkar da su ya rage musu ƙarfi. A duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC a jikin kowane magani.

RUWAN SHA DA ABINCI

Mutumin da ke gumi dare da rana yana bukatar ruwa fiye da yadda ƙishirwa ke gaya masa. Alamar da ba ta ƙarya ita ce fitsari: idan ya yi kaɗan, ya yi duhu, to, jiki yana neman ruwa. Matafiyi ya riƙe gorar ruwa mai murfi. Amma yawan ruwa a ƙasa ba ya nufin tsabtarsa. A garuruwan bakin teku rijiyoyi ba su da zurfi, ambaliya takan shiga cikinsu, daga nan kwalara da taifot suke samun hanya. Ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ruwan leda ko na kwalba a duba lambar NAFDAC, a tabbata ba a buɗe shi ba. Kada a yi wanka ko wanki a kududdufi da ƙananan rafuka, saboda tsargiya.

Idan gudawa ta kama, a narkar da ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa sha kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu ƙunshin, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin lita ɗaya. Idan gudawar ta zo da jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko marar lafiya ya galabaita, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Game da guzurin baki, busasshen abu shi ne abokin tafiya, amma a sani cewa abin da ya bushe a Arewa zai koma shan danshi a Kudu. Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa duk a zuba su a gwangwani ko roba mai murfi gam. Kilishin da aka bari a takarda yakan yi laushi ya yi funfuna. Gyaɗa ko masara da ta yi funfuna a zubar da ita, kada a kankare a ci, domin irin wannan funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Fura da nono da dafaffen abinci na ranar farko ne kawai. Gishiri yakan jiƙe, sukari yakan tara tururuwa, ashana takan ƙi kamawa, dukansu sai a rufe. Rufe abinci yana da wani amfani kuma, watau tsare shi daga ɓera, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da ake yawan samu a jihohin Edo da Ondo da Ebonyi, da wasu jihohin Arewa kamar Bauchi.

TSABTAR JIKI

Man kaɗanya da basilin da ake shafawa da hunturu domin kaushi da faso ba su da aiki sosai a bakin teku. Mai mai kauri yana toshe ƙofofin gumi ya jawo ƙuraje. Abin da ake bukata shi ne sabulu marar ƙarfi, da soso, da tawul marar kauri guda biyu, ana amfani da ɗaya ɗayan yana bushewa. A yi wanka sau biyu a rana, a tsane hammata da matsematsi da ƙarƙashin ƙirji kafin a sa tufa. Kada a yi aron tawul ko kayan ciki, domin ta nan makero yake yaɗuwa. Bokiti da buta da moɗa ana iya sayensu a can.

TAKARDU DA KUƊI DA WAYA

Rigar da ta ɓaci ana ɗinka wata, amma takardar shaidar karatu da ruwa ya cinye takan ɗauki watanni ana neman madadinta. Takardar kira zuwa sansani, da ta canjin wurin aiki, da shaidar karatu, da katin shaidar ɗan ƙasa, da lasin tuƙi, duk a sa su cikin jakar roba mai rufewa, a riƙe a jakar hannu. Kada a jefa su cikin kayan da za a ɗaure a kan mota. A yi kwafin kowace, a bar ɗaya a gida, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A ƙara da ƙananan hotunan fasfo. Littafin ibada da sauran littattafai su ma a naɗe su a leda.

Kuɗi a raba su wuri biyu ko uku, mafi yawa a bar su a banki. Waya tana tsoron danshi kamar yadda takarda ke tsoronsa, a tanadar mata leda, da abin caji, da batirin ajiya. Mai tafiya ta jirgin sama ya sani cewa batirin ajiya a jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda a sa shi cikin kayan da ake aunawa ba. A rubuta lambobin 'yan'uwa da adireshin masauki a takarda, domin ranar da waya ta mutu. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Tocila ma kada a manta da ita.

AKWATI

Akwatin ƙarfe yana tsatsa, na fata yana funfuna, na kwali kuwa ruwa ɗaya ya ishe shi. Jaka mai ƙarfi ko akwatin roba ya fi. A shimfiɗa babbar leda a ciki kafin a zuba kaya, a ɗaure bakinta, domin daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kuma tamfol ɗin mota ba kullum yake tsare ruwa ba. A ware wata leda domin jiƙaƙƙun kaya, kada su haɗu da busassu. Idan an sauka, kada a ajiye akwati a kan daɓen siminti ko a jingine shi da bango, a ɗora shi a kan benci ko katako, a riƙa buɗe shi yana shan iska duk ranar da aka sami rana.

ABIN DA ZA A BARI A GIDA

Bargo mai nauyi da rigar sanyi da alkyabba su zauna a gida, zanen rufa marar kauri ya isa. Jakunkuna da matasan fata na ado su ma haka. Kayan da ake samu a kowace kasuwa ba sai an yi dakonsu ba. Wanda ya ɗauki goro zuwa Shagamu, ko manja zuwa Benin, ya wahalar da kansa a banza. Wuƙa da takobi da makamantansu kuwa ba abin da za su jawo sai tsaiko da tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

YARA DA MATA MASU JUNA BIYU

Jarirai sun fi kowa shan wahalar gumi. Uwa ta bar hular ulu da safa da lulluɓi mai kauri, ta ɗauki 'yan rigunan auduga masu yawa da zanen goyo marar nauyi, ta riƙa sauke yaro yana shan iska. Katin rigakafin yaro ya tafi tare da shi, domin a ci gaba da allurarsa a asibitin can. Yaron da gudawa ta kama a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono. Mace mai juna biyu ta ga ma'aikaciyar lafiya kafin ta tashi, ta tafi da katin awonta, ta ci gaba da awo a inda ta sauka, domin a nan ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Mai ciwon sikila ya nemi shawarar likitansa, ya kuma yawaita shan ruwa a hanya.

HANYA DA RUWA DA ƘETARE IYAKA

Mai tafiya a ƙarshen damina ya nemi labarin hanya kafin ya tashi. A shekarar 2012, da kuma 2022, ambaliya ta yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja, matafiya suka yi kwanaki a kan titi. Saboda irin wannan, ruwan sha da busasshen abinci na kwana biyu da magungunan yau da kullum su kasance kusa da hannu. A jihohin Bayelsa da Ribas da Delta akwai garuruwan da ba a isa gare su sai ta jirgin ruwa. Kada a shiga jirgi ba tare da rigar kariya daga nitsewa ba, kada a shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kada kuma a yarda da tafiyar dare a kan ruwa. Wanda aikinsa zai riƙa kai shi cikin ruwa, ya sayi rigar kariya tasa ta kansa.

Duk abin da aka faɗa ya shafi masu zuwa Kwatano da Lome da Akara da Kumasi da Abijan da Duwala, domin su ma garuruwa ne masu gumi da danshi. Abin da za su ƙara shi ne fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a shekarar 1975, da kuma katin shaidar allurar ciwon shawara, wanda ake tambaya a bakin iyaka. Kamaru ba ta cikin wannan ƙungiya, saboda haka mai zuwa can ya tuntuɓi ofishin shige da fice kafin ya tashi.

KAMMALAWA

Matafiyi ba shi ne na farko a wannan hanya ba. Unguwar Sabo ta Badun tana nan tun shekarar 1916, ga Agege da Idi-Araba a Legas, ga Bogobiri a Kalaba, ga zangon Kumasi. Mazauna waɗannan wurare sun ga damina da yawa, sun san asibitin kirki da ruwan da ake sha da unguwar da ke ambaliya. Baƙo ya nemi Sarkin Hausawa ko wani dattijo ya gabatar da kansa, ya yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Haka kuma ya kula da yadda 'yan asalin gari suke sa tufa da gina ɗaki da ajiye abinci, domin sun daɗe da sanin halin ƙasarsu. Ya girmama al'adunsu, ya koyi gaisuwa da harshensu, ya tuna cewa duk inda ya sauka a Nijeriya gida ya sauka.

Kafin ranar tashi, ya shimfiɗa kayansa a tabarma, ya ɗauki kowanne ya tambayi kansa abu biyu: shin wannan zai bushe da wuri, kuma shin danshi zai ɓata shi? Abin da ya faɗi wannan jarrabawa, in ba dole ba, ya koma ɗaki. Wurin da ya bari a akwati a cika shi da gidan sauro da lema da leda da magani. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.